Yadda karamar hukuma zata sa yaran firamarenta su iya karatu da gaske

Wannan rubutun naku ne Sakatarorin Ilimi na kananan hukumomi, da hedimastoci, da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, da duk ciyaman ko kansilan da yake so ace a zamaninsa yara sun koyi wani abu. Iyaye kuma ku karanta dan ku san irin tambayar da zakuyi in an kira taron PTA.

Ranka ya dade Sakatare, in aka tambayeka yara nawa ne a rajistar makarantunka nan take zaka fada, azuzuwa nawa iska ta yaye wa rufi, benci nawa ake bukata, malamai nawa keda NCE, duk suna cikin fayil. To amma yara nawa ne a aji uku zasu iya karanta layi hudu na Hausa da basu taba gani ba, su kuma gaya maka me layin yace? Nan ake yin shiru. Kuma ba mu kadai bane, a 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun kiyasta cewa a kasashe masu karamin karfi da matsakaita kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 basa iya karanta gajeren labari su fahimta, a Afirka kudu da Sahara ma abin ya doshi kashi 90. Duk abinda zan fada ya rataya ne akan wannan lissafin guda daya, ka samo shi, ka fito dashi fili, sannan ka juya aikin ofis dinka gaba daya ya koma kansa.

Akwai wani gari a arewa maso gabashin Birazil sunansa Sobral, a jihar Ceara, mutanensa dubu dari biyu ne da 'yan kai, wuri ne mai zafi da karancin ruwan sama, kuma yankin yana cikin wadanda suka fi talauci a kasar. Cid Gomes ya zama magajin garin a 1997, zangonsa na farko yayi abinda kowane dan siyasa yake yi, gina makarantu, gyaran tsofaffi, daukar malamai, kara yawan yara a rajista. Sai wajen 2000 zuwa 2001 akace bari a gwada yaran aji, aka tarar kusan rabin 'yan kananan azuzuwan da aka gwada basa iya karatu. Gini ya tsaya, fenti na sheki, yaro kuma bai iya hada baki da wasali ba. Daga nan suka canza layi. Birazil tana da wani ma'auni na kasa da ake kira IDEB, maki daga 0 zuwa 10, ana hada jarabawar harshe da lissafi da yawan yaran da suka wuce aji. A 2005 Sobral tana da 4.0 a firamare, tana ta 1,366 a jerin kananan hukumomin kasar. A 2015 ta samu 8.8 tazo ta daya a kasar dake da kananan hukumomi sama da 5,500, a 2017 ta kai 9.1.

Sai dai kar mu yaudari kanmu, a can magajin gari shi ke daukar malami shi ke nada hedimasta, kudin ilimi kuma yana shigo masa bisa yawan yaransa. Mu nan LGEA, wato hukumar ilimi ta karamar hukuma, a karkashin SUBEB take, hukumar ilimin bai daya ta jiha, Sakatare baida wannan karfin. Saboda haka zan fi tsayawa akan abinda zaka iya farawa ba tare da jiran takarda daga babban birnin jiha ba, kuma yafi yawa fiye da yadda ake zato.

Fara da gwaji, da kunne

Kada ka fara da jarabawar rubutu. Jarabawar karshen zango da muka saba bata gaya maka komai, malamin da ya koyar shi ya fitar da tambaya shi ya duba, wani lokacin ma amsar na nan akan allo yaro ya kwafa yaci saba'in. Karatu da kunne ake gane shi, yaro daya bayan daya. A Sobral masu gwaji daga wajen makaranta suke zuwa sau biyu a shekara, su zauna da kowane yaro ya karanta da baki har a dauki muryarsa. Kai ba sai ka kai can ba tukuna, akwai hanya mai arha da kungiyar Pratham ta Indiya take amfani da ita, tun 2005 suke bin kauyuka gida gida suna gwada yara, kuma takarda daya ce tal.

Ga yadda zaka hada taka da Hausa. Bangare daya haruffa goma a warwatse, kada ka jera su a b c dan yaro rera maka kawai zaiyi. Bangare na biyu kalmomi goma masu sauki, kaza, rana, gida, tuwo, keke, irinsu. Na uku dan sakin layi mai jimla hudu, misali: Ladi tana da akuya. Akuyar fara ce. Kullum tana ba ta dusa. Jiya akuyar ta haihu. Na hudu labari mai layi takwas zuwa goma, a rubuta da manyan haruffa masu fita sosai.

Daga sakin layin ake farawa. In yaro ya karanta shi kamar mai magana, kuskurensa bai wuce uku ba, sai ka haura dashi labari. In ya tsaya yana kallon takarda yana kallonka, ka sauko dashi kalmomi, ya zabi biyar, in yaci hudu yana matakin kalma. In nan ma ya kasa sai haruffa, biyar, yaci hudu. Wanda ko wannan bai samu ba sai ka rubuta shi a mafari. Kaga ka samu rukuni biyar kenan, mafari, harafi, kalma, sakin layi, labari. Wanda ya karanta labari ka jefa masa tambaya daya ko biyu akan abinda ya karanta, akwai masu gudu akan layi kamar jirgin kasa amma in kace wa ya haihu sai su kalli rufi.

Yadda ake zama ma yana da muhimmanci. A fitar da benci daya gindin darbejiya ko a shimfida tabarma nesa da sauran yara, mai gwaji ya ajiye bulala, ya tambayi yaron sunansa da unguwarsu kafin ya mika takarda, ya barshi ya rike da hannunsa ya bi da yatsa. Zakaga yaro ya dora yatsa yana cewa a, ku, ya, sai fuskarsa ta saki yace akuya, wannan yana hanya, makonni kadan yake bukata. Zakaga wani kuma dan aji biyar, dogo, mai tsafta, littafinsa cike da rubutu mai kyau da ya kwafa daga allo, amma ka nuna masa kalmar gida ya kasa, ya sunkuyar da kai. Kada a yi masa tsawa kuma kada a bari 'yan ajinsu su ji. 'Yan mata da dama basa daga murya gaban namiji bako, a samo malama ta gwada su in ba haka ba zaka rubuta su a mafari alhali sun iya.

Lissafin lokaci: in kowane yaro ya dauki minti biyar, aji mai yara 80 minti 400 ne, kusan awa bakwai, malamai biyu zasu gama a kwana biyu ko uku ba tare da an rufe makaranta ba. Kada malami ya gwada ajinsa, ayi musanye, malaman wannan makarantar suje waccan. In makarantunka sunyi yawa ka fara da mazaba daya ko biyu, gara guda ashirin da aka gwada da gaskiya da dari biyu da aka cika fom a ofishin hedimasta.

Lissafi ma haka ake masa, gane lamba daya, gane lamba biyu, debewa mai aro, rabawa. Amma in karfinka bazai dauki biyu ba a shekarar farko to ka dauki karatu, dan yaron da bai iya karanta tambaya ba ko ya iya lissafin a ka faduwa zaiyi.

In sakamako ya fito

Zai yi muni, ka shirya ma wannan. Kuma abu na farko da zaizo maka a rai shine ka kulle shi a durowa kada ciyaman ya gani, kada 'yan adawa su samu abin fada a rediyo. Mutanen Sobral basu boye nasu ba, sun fada wa malamai da iyaye halin da ake ciki, kuma wannan ne ya basu bakin yin canje-canjen da suka biyo baya wadanda da ba za'a yarda dasu ba. Ka kira hedimastoci, ka kira hakimi da dagatai da limamai da shugabannin SBMC har da kungiyar iyaye mata, ka karanta musu makaranta makaranta. Ka fada tun farko cewa wannan zagayen ba'a hukunta kowa akansa, in ba haka ba zagaye na biyu lambobin karya za'a kawo maka.

Sannan a sa buri daya wanda ko mai gadi zai iya maimaitawa. Na Sobral biyu ne, duk yaro dan shekara shida da bakwai ya iya karatu, sannan manyan da suka wuce gaba basu iya ba a dawo a koya musu. Kai ma haka, yaro baya fita aji biyu sai yana karanta sakin layi, 'yan aji uku zuwa shida kuma a kwaso wadanda aka bari a baya. A bangon ofishin kowane hedimasta a manna kwali, aji aji, yara nawa ne a kowane mataki, sunayen kuma su zauna a littafin malami. Kashi arba'in cikin dari ba'a iya binsa gida, amma in akace ga sunaye goma sha bakwai a aji hudu, kowa yasan kofar gidansu.

Kananan azuzuwa

A yawancin makarantunmu malamin da ya fi kowa iyawa aji shida ake kai shi saboda jarabawar shiga sakandare, aji daya kuma a bar wa wanda ya kusa ritaya ko wanda ba'a san inda za'a kai shi ba, yara dari da wani abu a kasa, shi kuma yana bakin kofa. Ka juya wannan. Gwanayen malamanka su sauko aji daya da biyu, kuma a nuna cewa girmamawa ce, Sobral har karin kudi take ba malaman da ke koyar da karatun farko. Wannan sauyin a cikin makaranta ne, hedimasta zai iya yinsa da biro ranar Litinin.

A koyar da karatun da Hausa inda Hausa ce yaran keji. Manufar gwamnatin tarayya kan harshen koyarwa ta sha canzawa, amma abinda ke faruwa a aji bai canza ba, rubutun Hausa kusan yadda ake fada haka ake rubutawa, wasula biyar ne, in yaro ya gane auren baki da wasali, ba be bi bo bu, ya iya hada gaba da gaba, to kofa ta bude, saura tagwaye irin su sh da ts da kw da gy da bakake masu lankwasa. Yaron da ya iya wannan Turanci yafi zo masa da sauki dan ya riga ya san me harafi yake yi. Masu cewa Hausa zata hana shi Turanci su je aji shida su gwada wadanda aka fara musu da Turanci tun aji daya su gani ko daya daga biyun sun samu. Inda kuma yaran Fulani ne ko Kanuri ko wani harshen, a nemi malamin da yake jin yarensu, kada a dauka kowa Bahaushe ne.

Awa daya kullum, da safe, ba'a taba ta. Ba shara, ba aike, ba taron malamai a wannan awar. Kuma ba sai ka kirkiro littafi ba, an riga an rubuta kayan koyar da karatun Hausa a shirin RANA a Katsina da Zamfara, da shirin NEI Plus a Bauchi da Sakkwato, harda jagoran malami darasi darasi. Ka rubuta wa SUBEB ka nema, ka kuma leka sito-sito na makarantu, ba abin mamaki bane ka samu littattafai a kwali ba'a bude ba saboda hedimasta na tsoron a yaga a tuhume shi. Ka gaya musu a rubuce cewa littafin da ya yage a hannun yaro ba laifi bane.

Manyan da aka bari a baya

Nan ne aikin yafi dadi dan sakamakon yana fitowa da wuri. Na awa daya ko daya da rabi a kullum a manta da maganar aji, a raba yaran aji uku zuwa shida bisa matakin da gwaji ya nuna. 'Yan mafari da harafi wuri daya, 'yan kalma wuri daya, 'yan sakin layi da labari wuri daya, kowane rukuni da malaminsa, in an buga kararrawa kowa ya koma ajinsa. Duk bayan makonni kadan a sake gwadawa, wanda ya haura ya canza rukuni. Wannan tsarin Pratham ne, masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu kyautar Nobel a 2019 sun dade suna gwada shi a Indiya, Zambiya ta dauka tun 2016, a nan gida ma anyi shi a Borno, an kuma yi a Kano a shirin KaLMA da aka fara a 2019 a Dawakin Tofa da Wudil. Ma'ana akwai malamai 'yan uwanmu da suka riga suka iya, ba sai an dauko Bature ba.

In wani ya ce maka bakon abu ne ka tuna masa makarantar allo. Malam baya biya wa almajirai karatu daya dan shekarunsu daya ne, kowa da inda allonsa ya tsaya, mai babbaku daban mai farfaru daban, kowa zai zo gabansa ya biya, kuma ba'a wanke allo sai karatun ya zauna. Boko ce ta zo mana da tura yaro gaba saboda shekara ta zagayo.

A rukunin kasa ba lacca ake ba. A zauna a kasa a da'ira, a yanka kwali a rubuta gabobi, yaro ya dauki ka ya dauki za ya hada yaga ya zama kaza, ya canza ya samu kara, kasa, kafa. A rubuta da alli a siminti ko da tsinke a kasa. A karanta musu gajeren labari malami na bin layi da yatsa, a tambaye su me suke gani zai faru. Lissafi kuma a daure tsinke goma goma da roba, dauri uku da tsinke hudu talatin da hudu kenan, ranar da yaro ya kwance dauri daya da hannunsa dan ya debe bakwai daga hudu ranar ya gane me ake nufi da aro. Matsalar da zaka fuskanta guda biyu ce, kunyar manyan yara da aka hada da kanana, da malaman da zasu ce manhaja zata tsere musu. Ta farko ana maganinta da kin kiran rukunin da sunan da zai zama tsokana. Ta biyu kuma kai ne zaka tsaya musu, ka gaya wa masu duba makarantu kada su kama malami da laifin rashin gama manhaja a wannan awar.

Hedimasta da masu zagaye

Abu mafi daci da Sobral tayi shine cire siyasa daga nadin hedimasta. Da 'yan siyasa ke kawo nasu, daga 2001 aka koma jarabawa da horo da ganawa, wanda yaci ya samu makaranta da 'yancin tafiyar da ita da dan kudin gudanarwa a hannunsa, sannan a tambaye shi sakamako. Sun kuma hade kananan makarantun kauye da suke warwatse, abinda ni bazan ce a kwaikwaya ido rufe ba, dan su sunada motar daukar yara, mu in makaranta tayi nisa yarinya ce zata fara zama a gida.

Na san kansila zai kira ka, dan majalisa zai aiko da takarda. Bazaka iya ture su duka ba, amma zaka iya rubuta ka'ida a manna a allon sanarwa, duk mai son hedimasta sai ya koyar da darasin karatu na minti talatin gaban kwamiti, sai ya dauki sakamakon gwajin wata makaranta ya fadi me zaiyi dashi. In ciyaman ya sa hannu akan ka'idar ka samu garkuwa, duk wanda yazo sai kace Yallabai ba ni bane, ga takarda. Wanda aka kakaba maka kuma ka hada shi da mataimaki mai kwazo.

Jami'an tallafa wa makarantu da ke karkashinka, a canza musu abinda suke zuwa nema. Ba sa hannu a littafin baki da shan ruwa a ofishin hedimasta ba. Ya shiga aji ya zauna a baya har darasi ya kare, ya zabi yara biyar da kansa daga rajista ya saurare su, ya zauna da malamin minti goma ya fada masa abu daya da yayi daidai da abu daya da zai gyara kafin zuwa na gaba. Abu daya, ba goma ba. Kuma a basu kudin man babur akan lokaci, duk tsarin nan akan man babur yake mutuwa wallahi.

Bita kuma a daina ta otal ta kwana uku sau daya a shekara da ake zuwa dan alawus. Sobral duk wata take horar da malamanta akan darussan da zasu koyar a watan. Kai ma hada makarantu biyar ko shida dake kusa, rana daya a wata, malamin da yaransa suka fi haurawa ya koyar a gaban sauran da yara na gaske. A 2017 Kaduna ta gwada malaman firamare tace sama da dubu ashirin da daya sun fadi aka sallame su, kowa da ra'ayinsa akan wannan, amma kai Sakatare baka da wannan wukar, malaman da ke hannunka dasu zakayi aiki, kuma da yawansu in aka basu jagora a rubuce aka nuna musu sau biyu suna iyawa.

Yaron da baizo ba

A Sobral in yaro baizo ba ranar ake neman gidansu. Mu kuma mun san ranakun da aji ke zama fanko, ranar kasuwa, lokacin shuka da girbi, safiyar talla, Juma'a. A kira suna kafin karfe tara, a mika sunayen wadanda basu zo ba ga mutum biyu na SBMC, mace daya namiji daya, dan mace ce zata shiga cikin gida tayi magana da uwa. Kwana uku a jere sai mai unguwa. In kauyen ranar kasuwarsu Laraba ce kuma an san rabin yara zasu tafi, to kada a sa sabon darasi ranar, ayi maimaici. Rajistar malamai ma a duba ta da irin wannan idon, amma fa wanda yake bin albashin wata biyu ba'a yi masa wa'azin zuwa da wuri, wannan kam fadan ciyaman ne da jiha, musamman tunda Kotun Koli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kudin kananan hukumomi a basu kai tsaye.

Kudi da kyauta

Takardar gwaji, kwali, alli, man babur, abincin rana na bita. Duka in ka hada bai kai kudin katangar makaranta daya ba. Kudin UBEC, wato hukumar ilimin bai daya ta tarayya, kashi 2 cikin 100 na kudin shigar tarayya da dokar 2004 ta ware, ta hannun jiha yake biyowa, akwai kason horar da malamai da na kayan koyarwa a ciki, kuma wanda yaje SUBEB da sakamakon gwaji a hannu yafi wanda yaje da baki samun kunne.

Kyauta tana aiki amma tana da hadari. Da Cid Gomes ya zama gwamnan Ceara a 2007, da Izolda Cela a matsayin mai rike da ilimi, sun baza tsarin zuwa kananan hukumomi 184 na jihar, har suka daura wani kaso na harajin da jiha ke rabawa akan sakamakon karatun yara, kaga dole magajin gari ya damu. Wata dabara tasu da ta burge ni, makarantar da tayi fice ana hada ta da wadda ke kasa, kuma bata karbar cikon kyautarta sai ta taimaka waccan ta daga. Amma Sobral din ma bata tsira daga suka ba, akwai masu cewa an koma horar da yara dan cin jarabawa kawai. Saboda haka in zaka bada kyauta ka bada akan yawan yaran da suka haura mataki, kada ka bada akan wanda yafi maki, in ba haka ba makarantar cikin gari ce zata ci kullum. Ka kirga da rajista, yaron da baizo ranar gwaji ba a bi shi ko a lissafa shi a matakinsa na baya, dan kada a fara cewa masu rauni su zauna a gida ranar. Kyautar ma ba sai ta zama kudi ba, takardar yabo a gaban hakimi da ambaton suna a rediyo da sa mutum gaba a jerin karin girma suna motsa malami sosai.

Sobral ta dauki shekara goma sha biyar kafin tazo ta daya, kuma magadan gari da dama sun wuce a tsakani ba tare da an watsar da tsarin ba. Kai ana iya yi maka taransifa badi, dan haka komai ya zama a rubuce, kwafin sakamako daya a ofis, daya wajen SBMC, daya a fadar hakimi, a sa ranakun gwaji cikin kalandar zango, sati na biyu na zangon farko da sati na biyun karshe na zango na uku, da dan karamin gwaji a tsakiya na canza rukuni. Kuma duk zagaye a canza takardar, sabbin kalmomi, sabon sakin layi, sabon labari masu nauyi daya da na baya, a buga su a ofis a kai makaranta da safiyar ranar. In ka maimaita ta farko zaka tarar har 'yan aji daya sun haddace Ladi da akuyarta.